Yadda Ake Tsallake Kwas ɗin Ƙarfin Kayan Aiki, da Yadda Ake Zama da Farfesan da Ke Koyar da Shi

A kowace tsangayar koyon aikin injiniya, ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Bayero ta Kano, ko Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, ko Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, akwai kwas ɗin da labarinsa ke riga shi isa kunnen ɗalibi. Sau da yawa wannan kwas shi ne na ƙarfin kayan aiki, wanda ke nazarin yadda ƙarfe da katako da kankare suke miƙewa, su lanƙwashe, ko su karye idan an aza musu nauyi. Yawanci ana fara shi ne a shekara ta biyu, sannan masu karatun gine-gine da na kanikanci su ci gaba da shi a shekara ta uku. Tun kafin a yi laccar farko, 'yan gaba da kai sun riga sun gaya maka cewa farfesan ba ya dariya, ba ya ba da maki, kuma rabin aji sai sun maimaita.

Ni ma haka aka tarbe ni a jami'ar da na yi karatu, kuma a gwajin farko maki 4 cikin 20 na samu. Abin da ya fi makin ƙona mini rai shi ne, amsoshina biyu sun yi daidai da na wani abokina wanda ya ci 15. Da na duba takardata sai na tarar farfesan ya rubuta kalmomi biyu da jar tawada a gefen kowace tambaya: "Ina zanen?" Sai da na kusa kai tsakiyar zango kafin na gane cewa mutumin bai damu da lambar ƙarshe ba kamar yadda ya damu da hanyar da aka bi aka iso gare ta. Duk abin da zan faɗa a nan ya taso ne daga wannan: ɗalibi yana da abubuwa biyu da zai karanta a zangon nan, wato kwas ɗin da kuma mai koyar da shi, kuma wanda ya karanta ɗaya ya bar ɗaya yakan sha wahalar da bai kamata ya sha ba.

Abin da za ka yi a makon farko

Kada ka ɗauki laccar farko a matsayin ta gaisuwa kawai, domin a cikinta ne malami ke bayyana jadawalin darussa, da yadda zai raba maki, da ɗabi'un da ba ya lamunta. A yawancin jami'o'in Najeriya ana ware maki 30 ko 40 don gwaje-gwaje da aikin gida da na ɗakin gwaji, sauran 70 ko 60 kuma na jarrabawar ƙarshe ne. Ka rubuta wannan rabo a shafin farko na littafinka. Ɗalibin da ya shiga jarrabawa da 24 cikin 30 a hannu yana da kwanciyar hankalin da wanda ya shiga da 8 ba shi da ita, ko da kuwa iliminsu ɗaya. Haka kuma dokar halartar kashi 75 cikin 100 na lacca tana nan a rubuce a jami'o'i da yawa. Wasu malamai ba sa waiwayarta, amma wanda ke zagaya takardar sa hannu a kowace lacca ba don ado yake yi ba.

Sai kuma batun 'yan gaba da kai. Tambayar da ɗalibai suka saba yi musu ita ce ko farfesan yana da kirki, alhali kuwa amsar wannan ba ta da amfani, tunda wanda ya ci zai yabe shi, wanda ya faɗi kuma zai kushe shi. Ka tambaye su abubuwan da za ka iya aiki da su: shin yana sanar da ranar gwaji ko kwatsam yake yinsa, shin yana ba da maki ga matakan lissafi ko sai amsar ƙarshe, shin yana yarda a shigo da takardar ƙa'idojin lissafi ko sai an haddace, kuma wace alama yake ɗauka a matsayin tabbatacciya wajen zana ƙarfin lanƙwasa, domin littattafai sun sha bamban a kan haka. Ka nemi tsoffin tambayoyin jarrabawa na aƙalla shekara biyar, amma kada ka jera su shekara-shekara. Ka rarraba su bisa darasi, na miƙewa wuri ɗaya, na bim (wato doguwar sandar ƙarfe, katako ko kankare da ake gicciyewa don ɗaukar nauyi) wuri ɗaya, na murɗawa wuri ɗaya. Da zarar ka yi haka za ka ga inda zuciyar malamin take, domin kowane malami yana da darasin da ba ya iya tsara jarrabawa ba tare da shi ba.

Yadda ake karanta kwas ɗin kansa

Wannan kwas ba a karanta shi da ido. Wanda ya kwanta a kan katifa yana bin misalan da aka riga aka warware zai ji kamar ya gane komai, sai ranar da aka ba shi farar takarda ya rasa ta inda zai fara. Ƙa'idar da ta fisshe ni ita ce in rufe amsar, in ɗauki biro da kalkuleta, in warware tambaya biyar ko shida bayan kowace lacca, kafin a kai ga ta gaba.

Matakin farko a kowace tambaya shi ne zane. Ka ware abin da ake magana a kansa, ko sanda ce ko bim ko ginshiƙi, ka zana shi shi kaɗai, sannan ka sa kibiya a kan kowane ƙarfi da ke aiki a jikinsa, har da wanda matokara ke mayarwa. Farfesoshi suna nacewa a kan wannan ne saboda yawancin kuskure a nan yake faruwa. Idan ka manta kibiya ɗaya, duk lissafin da zai biyo baya, komai kyansa, ya zama aikin baban giwa.

Bari mu ɗauki misali da abin da kowa ya sani, wato rodin gini mai kaurin milimita 12. Faɗin fuskarsa idan an yanke shi murabba'in milimita 113 ne. Idan aka ja shi da ƙarfin kiloniyutan 20, wato niyutan 20,000 (niyutan shi ne ma'aunin ƙarfi), sai a raba wannan ƙarfi da faɗin fuskar, a samu kimanin niyutan 177 a kan kowane murabba'in milimita. Wannan adadi shi ɗalibai ke kira sitires. Taurin ƙarfe, wanda ake auna shi da adadin da ke ɗauke da sunan Thomas Young, yana kusa da niyutan 200,000 a kan murabba'in milimita, saboda haka rodi mai tsawon mita 2 zai miƙe da kimanin milimita 1.8, kuma zai koma yadda yake idan an sauke nauyin. Wannan lissafi ya dogara ne a kan ƙa'idar da Robert Hooke ya wallafa a shekarar 1678, cewa miƙewa tana tafiya daidai da ƙarfin da ya jawo ta, muddin ba a ƙetare iyaka ba. Iyakar ƙarfe mai laushi tana wajen 250, ta rodi mai zane kuwa 460 ce a tsarin Birtaniya da injiniyoyin Najeriya suka daɗe suna aiki da shi. Ɗalibi mai hankali ba ya tsayawa a kan 177. Yakan ƙara layi ɗaya ya ce wannan adadi bai kai iyaka ba, don haka rodin zai ɗauka. Wannan layi guda shi ne ke nuna wa mai duba takarda cewa injiniya ne ya yi rubutun.

Abu na biyu da ke kayar da mutane shi ne ma'auni. Milimita 1,000 ne a mita guda, amma murabba'in milimita 1,000,000 ne a murabba'in mita guda, kuma idan aka zo lissafin bim, inda ake ninka tsawo da kansa har sau huɗu, bambancin yakan kai sifili 12. Ka zaɓi tsari ɗaya tun farkon tambaya, ko niyutan da milimita ko niyutan da mita, ka juya komai zuwa gare shi kafin ka taɓa kalkuleta. Idan ka ga wannan ƙaramin abu ne, ka tuna cewa a shekarar 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mas, saboda wani ɓangare ya yi lissafi da ma'aunin fam, wani kuma da niyutan. Bayan ka samu amsa, ka tsaya ka tambayi kanka ko tana da ma'ana. Idan lissafinka ya nuna rodi mai mita 2 ya miƙe da mita 1,800, ai ba sai malami ya gaya maka an yi ɓatan kai ba.

Inda kwas ɗin ya fi daɗi, kuma inda ya fi tsauri, shi ne darasin lanƙwasawar bim. Bim mai tsawon mita 4 da ke zaune a kan matokara biyu, aka shimfiɗa masa nauyin kiloniyutan 10 a kowace mita, kowace matokara za ta ɗauki kiloniyutan 20, ƙarfin lanƙwasa kuma zai fi yawa a tsakiya, inda zai kai kiloniyutan-mita 20. Haddace ƙa'idar da ke ba da wannan amsa abu ne mai sauƙi, kuma a nan tarkon yake, domin farfesan da ya san aikinsa zai matsar da matokara ɗaya ciki da mita guda, ko ya ƙara wani nauyi a gefe, sai ƙa'idar da ka haddace ta daina aiki. Ka koyi yanka bim ɗin a zuci a wurare daban-daban, kana lissafa abin da ke hagu da yankan, har zanen ya fito da kansa.

Shawarar da na fi ba ƙannena ita ce su riƙa tsayawa a wuraren da ake gini. Kafinta yana kafa katakon rufi mai inci 2 da inci 6 a tsaye bisa gefensa, ba ya kwantar da shi, kuma ko bai taɓa shiga aji ba ya san dalili a aikace. Lissafin da za a koya maka zai nuna cewa a tsaye katakon ya ninka ƙarfinsa sau 3, taurinsa kuma sau 9. Haka nan kankare yana jure danniya ƙwarai, amma ƙarfinsa wajen ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, shi ya sa ake sa rodi a ƙasan bim, inda ake jan sa. A barandar bene da ta fito waje babu ginshiƙi kuwa, saman ne ake ja, don haka rodin a sama yake, kuma magini da ya bari leburori suka tattake shi ya koma ƙasa kafin a zuba kankare ya haƙa wa masu gida rami. Idan ka ga waɗannan abubuwa da idonka, zanen da ke kan allo zai daina zama baƙon abu. Kada kuma jinkirin fahimta ya karya maka gwiwa. Galileo da kansa ya yi nazarin bim a shekarar 1638 kuma bai samu rabon ƙarfin da ke cikinsa daidai ba, sai da aka yi shekaru masu yawa kafin a gyara.

Sauran darussan, kamar murɗawar sanda, da da'irar da Otto Mohr ya fito da ita a 1882, da lanƙwashewar dogon ginshiƙi da Euler ya yi lissafinta a 1744, duk a kan wannan tushe suke. Game da ginshiƙi, abu ɗaya ka riƙe da kyau: idan ka ninka tsawon siririn ginshiƙi sau biyu, nauyin da zai iya ɗauka kafin ya lanƙwashe yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu.

Zama da farfesa

Mafi yawan ɗalibai suna gama zango ba su taɓa yin magana da malamin ba, sai bayan sakamako ya fito su tafi ofishinsa da roƙo. Wannan shi ne mafi munin lokacin fara sanin juna. Mutumin da ke koyar da aji mai ɗalibai ɗari biyu ko uku, ga masu digiri na biyu da na uku, ga tarurrukan sashe, ba zai san ka ba sai ka ba shi dalili, kuma dalili mafi kyau shi ne tambaya mai ma'ana a tsakiyar zango.

Ka bincika lokacin da yake ganin ɗalibai, ko ta hannun wakilin aji ko sakataren sashe. Idan ka je, ka ƙwanƙwasa, ka yi sallama, ka jira a ba ka izini, ka gaishe shi kamar yadda ake gaida babba: "Ranka ya daɗe, Farfesa, barka da aiki." Ka faɗi sunanka da ajinka, sannan ka shiga magana kai tsaye. Kada ka ce masa ba ka gane darasin bim ba gaba ɗaya, domin amsar da za ka samu ita ce ka koma ka karanta, kuma da gaskiyarsa. Ka buɗe littafinka ka ce: "Ranka ya daɗe, na gwada wannan tambaya sau biyu, zanena yana tafiya daidai har zuwa matokara ta biyu, daga nan sai ya ƙi rufewa a sifili, ban san inda na kauce ba." Na ga malamai masu ɗaurarriyar fuska sun ture takardunsu gefe sun jawo kujera saboda irin wannan tambaya. Kiran waya da dare, da aika saƙo ba gabatar da kai, da tare shi a bakin masallaci ko wajen ajiye mota da maganar maki, duk suna zubar da mutuncin ɗalibi.

Akwai malamin da zai mayar maka da tambayarka, ya miƙa maka alli ya ce ka fito allo. Ka fito. Kunyar minti biyar a gaban aji ta fi maimaita kwas sauƙi, kuma abin da ka yi kuskurensa a kan allo da wuya ka sake yinsa a jarrabawa. Tsananin da ake gani a wajen malaman wannan fanni yana da tushe: da yawansu an sha kiran su duba gine-ginen da suka tsage ko suka rufta, kuma ba wanda ya manta benen mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya hallaka fiye da mutum 40. Wanda ya san cewa sa hannun ɗalibinsa zai hau kan zanen gini wata rana, kuma hukumar COREN, mai kula da aikin injiniya a Najeriya, za ta yi masa rajista a matsayin injiniya, ba zai ga rashin rubuta ma'auni a matsayin ƙaramin laifi ba.

Wannan ba ya nufin kowane tsanani adalci ne. Idan malami ya ɗaura maki a kan sayen takardunsa, ko ya nemi wani abin da bai dace ba, musamman daga ɗalibai mata, wannan ya fita daga koyarwa, kuma jami'o'i suna da hanyoyin kai ƙara. A fara da malamin da ke kula da ajin, sannan shugaban sashe, sannan shugaban tsangaya ko ofishin kula da harkokin ɗalibai, a rubuce, tare da ajiye kwafi da duk wata shaida. Ɗaliba kuma tana da cikakken 'yancin zuwa ofis da ƙawarta, a lokacin aiki, ba tare da ta ba kowa haƙuri a kan haka ba.

Kada ka manta da ma'aikatan ɗakin gwaji. Su ne ke sarrafa injin da ke jan ƙarfe har ya tsinke, kuma sau da yawa su ne ke fara duba rahotonka. Ka je da wuri, ka ɗauki awo da hannunka, ka rubuta abin da ka gani ko da bai yi daidai da na littafi ba, sannan ka bayyana dalilin bambancin. Rahoton da aka kwafa daga na bara ana gane shi, domin kuskuren bara yana biyo shi har da waƙafi.

Karatun rukuni yana da amfani idan bai wuce mutum huɗu ko biyar ba, kuma kowa ya gwada tambayoyin shi kaɗai kafin a haɗu. Idan kuma yajin aikin malamai ya katse zango, kamar na 2022 da ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, kada ka rufe littafin gaba ɗaya, domin idan aka dawo akan matse sauran darussa cikin makonni kaɗan.

Ranar jarrabawa da abin da ke biyo baya

Ka yi amfani da mintuna biyar na farko wajen karanta dukkan tambayoyi, ka fara da wadda ka fi ƙwarewa a kai, ka raba lokaci bisa yawan makin kowace tambaya. Ka yi zane babba da rula, ka rubuta ƙa'idar da za ka yi aiki da ita kafin ka zuba lambobi, ka sa ma'auni a kowane mataki. Idan ka maƙale a tsakiya, kada ka soke abin da ka rubuta. Ka bayyana a layi ɗaya abin da za ka yi da ka samu adadin da ya ɓace, ka wuce gaba. Ka tabbata kalkuletarka tana kan ma'aunin digiri kafin ka taɓa da'irar Mohr, kuma ka sa hannu a takardar halarta lokacin shiga da lokacin miƙa takarda, domin ita ce shaidarka idan aka ce ba a ga takardarka ba. Satar amsa kuwa hukuncinta a jami'o'in Najeriya yakan kai ga kora, wanda ya fi faɗuwa muni nesa ba kusa ba.

Idan sakamako ya fito kuma kana ganin akwai kuskure, ka fara da jami'in jarrabawa na sashe, ka nemi a duba ko an haɗa makin gwaje-gwajenka, domin sau da yawa matsalar a nan take. Wannan ne dalilin da ya sa ake ajiye duk takardar gwaji da aka mayar maka har sai an kammala zango. Neman a sake duba takardar jarrabawa yana da ƙa'idarsa a rubuce, yawanci da kuɗin da ake biya, kuma bai kamata ka shiga ba sai kana da tabbaci.

Idan kuwa faɗuwar ta tabbata, ka yi lissafi da sanyin zuciya. A tsarin maki 5, kwas mai nauyin kiredit 3 yana ba wanda ya ci 70 zuwa sama maki 15, wanda ya faɗi kuma sifili, sannan kiredit ɗin yana nan cikin abin da za a raba jimillar da shi. Ka yi rajistarsa a farkon damar da ta samu, musamman da yake wasu darussan shekara ta uku da ta huɗu sun dogara da shi, kuma zangon da ake tafiya koyon aiki na wata shida a shekara ta huɗu yakan hana mutum zama a aji. Ka duba jadawali tun da wuri don kada laccarsa ta ci karo da ta sabon ajinka, ka halarta kamar ba ka taɓa yi ba, ka sayi sabon littafin rubutu maimakon dogaro da tsohon. Sannan ka ɗauko takardun gwajin da ka faɗi, ka warware kowace tambaya daga farko, ka kai wa farfesan a mako na biyu ko na uku ya duba maka zanen.